Rasuwar Koci Alassane, Uban Waɗanda Ba a Kira Sunansu Ba

Cikin alhini da miƙa lamari ga Allah Maɗaukakin Sarki, Ƙungiyar Iyalan 'Yan Ƙwallo Hausawa ta Greensboro ta samu labarin rasuwar ubanta kuma wanda ya kafa ta, Alhaji Alassane Younoussa, wanda babba da yaro ke kira Koci, da hantsin ranar Talata a gidansa da ke McLeansville, bayan gajeriyar rashin lafiya, yana da shekara arba'in da takwas. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ya tafi saura kwana tara a fara zaɓen 'yan wasa na bana, ya bar matasanmu uku, Eli da Salifou da Ubaidullah, waɗanda suka gama jami'a suna jiran ya zauna da su a ranar da za a yanke makomarsu.

Marigayi Alhaji Alassane ɗan Damagaram ne, ya zo garin nan yana da shekara goma sha huɗu bai taɓa riƙe ƙwallon Amurka ba. A shekarar da ya kammala jami'a, ƙungiyoyi talatin da biyu na babbar gasa suka shafe kwana uku suna kiran sunaye, zagaye bakwai cur, a zaɓen nan da ake kira diraf, ba wanda ya ambace shi. Duk da haka wata ƙungiya ta gayyace shi sansanin horo cikin mutum casa'in, aka yi ta tankaɗe har suka koma hamsin da uku, sai ga ɗan Damagaram a ciki. Shekara biyar ya yi a rukunin da ke rugawa a tare abokin hamayya bayan bugun farko, aikin karo da gwabzawa wanda taurari ba sa so. Ya sha gaya mana cewa babu ƙungiyar da ke kai ƙarshen kakar wasa ba tare da irinsu ba, domin su ne ke kwaikwayon abokan hamayya a wurin atisaye, su ne kuma ke shiga fili ran da tauraro ya ji rauni.

Mai sa hannu a wannan takarda ba za ta iya ba da shaidar aikinsa ba sai ta ambaci wata Asabar ta ƙarshen diraf, shekara uku da suka wuce, wata biyu da aurena. Na yi zaton abin zai zo kamar yadda yake zuwa a littattafan da nake karantawa: a kira sunan maigidana Muzammil, in fashe da kuka, a yi guɗa. Aka kira suna na ƙarshe, ba nasa ba. Nan take falonmu na Glenwood ya koma gidan jaje, dattawa suna cewa Allah bai nufa ba, surukata Mama Mero kuma ta karɓe wayarsa ta kashe ta jefa a jakarta, wai kada mutane su dame shi da kira. Ana haka Koci ya faɗo ko takalmi bai cire ba, ya ce wa ya mutu da ake jaje, ya roƙi Mama ta dubi girman Allah ta fito da wayar nan. Ana kunna ta, kira shida aka rasa cikin minti goma sha biyu! Ashe da an rufe diraf ne ƙungiyoyi ke rige-rigen ɗaukar waɗanda suka rage, kuma wanda bai ɗaga waya ba a sa'ar nan, an wuce shi.

A ranar muka ga yadda marigayin yake aiki. Ya san tarbiyyarmu, ya san ɗan Bahaushe ba ya iya ce wa babba a'a, don haka ya hana Muzammil amsa wa wanda ya fara kira, ya ce ya nemi minti biyar, kuma ya rage gaisuwa, Bature ba ya jiran a tambaye shi ya gajiya. Ya shigo da wani farin allo daga motarsa, wanda ya rubuta kowace ƙungiya a kai da yawan 'yan wasan da take da su a gurbin Muzammil. Wanda aka zaɓa, in ji shi, inda aka tura shi zai je, amma wanda ba a zaɓa ba shi ke zaɓa, saboda haka a je inda layi ya fi gajarta, ba inda suna ya fi girma ba. Kafin magariba an gama magana da wata ƙungiya, Mama Mero ce ta fara rangaɗa guɗa. Yau Muzammil yana shirin kakar wasansa ta huɗu. Shi ne na bakwai cikin matasa tara da Koci ya zauna da su a irin wannan rana, biyar daga cikinsu sun tsallake tankaɗe, kuma muna faɗin haka da alfahari ko da hawaye a idonmu.

A madadin Shugaban Ƙungiya, Malam Abdulmumini Kabir, da kwamitin gudanarwa da ɗaukacin mambobi, muna miƙa ta'aziyyarmu ga maiɗakinsa Hajiya Hindou, da 'ya'yansa Yasmina da Chamsou, da danginsa na Damagaram da Yamai, da duk wanda ya taɓa kiransa Koci. Allah Ya jiƙansa, Ya gafarta masa, Ya haskaka kabarinsa, Ya sa Aljannar Firdausi ce makomarsa, Ya ba iyalansa haƙurin jure wannan babban rashi. Ana karɓar gaisuwa a gidansa har zuwa addu'ar bakwai.

Game da matasanmu uku, a gidan Koci aka shirya zama da su, amma Hajiya tana takaba, bai kamata a kai mata hayaniya gida ba, wasu dattawa kuma sun ba da shawarar a ɗage zaman bana. Sai dai ƙungiyoyi ba za su ɗage kiransu ba. Kwamiti ya amince a yi zaman idan an samu mai jagoranta, kuma tun daga waccan Asabar ni nake taya marigayin haɗa lissafin gurabe a kowane Afrilu. Da na shirya ranar Litinin zan bi maigidana garin da yake wasa. Mun yi magana da shi, na soke tikitin. Ranar Asabar ta ƙarshen diraf, ƙarfe goma sha biyu na rana, Eli da Salifou da Ubaidullah su zo gidana a Glenwood da iyayensu, kowa da wayarsa cike da caji. Ni zan zauna da su.

Ruwaida Muzammil
Sakatariyar Yaɗa Labarai
Ƙungiyar Iyalan 'Yan Ƙwallo Hausawa ta Greensboro