Mahaɗin Da Ba Ya Cikin Gareji

Zangon Dabino, Yuma, Arizona
Nuwamba, 1993

Zuwa ga matata Verna,

Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan kina lafiya, ke da yayarki Olga da wannan karen nata mai cin takalman baƙi. Na iso lafiya. Motarmu Gimbiya ta ɗauko ni tun daga Saskatchewan har nan ko tari ba ta yi ba. Motar gida mai shekara ashirin da ɗoriya, ga gado ga kicin ga ban ɗaki a bayanta, amma a hawan dutse sai da na wuce sababbi biyu sun buɗe baki suna hayaƙi.

An ba ni wurinmu na kullum a ɓangaren araha, kusa da Delbert da matarsa. Delbert ya ƙara ƙiba. Kowa sai tambayarki yake, ni kuma ina cewa gwiwa ce ta hana ki zuwa. Me zan ce musu? In ce bayan shekara arba'in da aure matata ta haɗa akwati washegarin bikin cikar shekarun ta koma gidan yayarta ba tare da ta ce mini ga laifina ba? Har yau ban san abin da na yi ba. Ban sha ba, ban yi caca ba, ban taɓa mance ranar haihuwarki ba in ban da sau biyu. In fushi ne, ai sanyin Yorkton ya isa ya huce shi. Ki hau bas ki zo.

Sai wata 'yar magana. Na je ramin juye tankin masai ranar Asabar, na ciro mesa daga ma'ajiyarta, sai na ga bakinta da bakin bututun mota ba su san juna ba. Na motar tsohon yayi ne, siriri, mai kunne biyu. Na mesar ƙato ne mai ƙugiya huɗu, in ka sa shi sai ya yi ta lilo kamar hular uba a kan jariri. Ke nan akwai mahaɗin da kike sawa a tsakaninsu, tunda wannan ɓangaren aikinki ne, ni nawa tuƙi. Na birkice motar nan kaf ban gan shi ba. Ina jin kin bar shi a gareji. Ki karɓi makulli wurin maƙwabta ki duba, ki aiko da shi ta gidan waya. Babu gaggawa, tankin bai kai rabi ba.

Ki gaida Olga in ta ga dama.

Mijinki,
Orest

Yorkton, Saskatchewan
Disamba, 1993

Orest,

Na samu wasiƙarka, ina gaisuwa. Muna lafiya. Gwiwata ma lafiyarta lau, ka daina yi mata ƙarya.

Na je gidan na ba furanni ruwa. Ban shiga gareji ba, don babu abin da zan nemo a ciki. Kai da ka yi shekara talatin da biyar kana sayar da bututu da famfo da ƙusa a kantinka, kana koya wa manoma yadda za su gyara abin da suka fi ka sani, ba na jin bakin mesa ɗaya zai gagare ka.

Mun naɗe kabeji tukunya biyu don bikin coci. Olga ba ta ga dama ba.

Ka riƙa shan maganin hawan jininka bayan cin abinci, ba kafin ba.

Verna

Zangon Dabino, Yuma
Disamba, 1993

Verna,

Ina gaisuwa, da fatan kabejinku ya yi albarka. Ni dai gwangwanin wake nake ci, wanda a halin da nake ciki ba dabara ba ce.

Wasiƙarki ta zo, na karanta ta sau uku ina neman inda kika ce ga mahaɗin, ban gani ba. Verna, wannan ba lokacin wasa ba ne. Allurar awon tankin ta wuce kashi uku cikin huɗu. Na daina shiga ban ɗakin mota gaba ɗaya. Da safe ina takawa gidan mai da ke bakin titi, kuma tunda ba ya kyautu mutum ya shiga ya fita hannu rabbana, kullum sai na sayi cingam. Yanzu ina da cingam da zai ishi makarantar firamare. Yarinyar da ke kan kanta in ta hango ni sai kawai ta miƙo makullin ban ɗakinsu, ko ɗaga kai ba ta yi.

Kada ki ce in tambayi mutane. A zangon nan ni ake tambaya. Jiya ma na gyara wa wani mutumin Idaho famfonsa. Da wane baki zan je in ce ban san yadda ake juye tankin motata ba? Delbert ya fara shinshina. Ya tsaya a ƙofata yana jan hanci ya ce, "Orest, Gimbiyar taka ta canza turare ne?" Na ce masa iska daga wajen motarsa take kaɗowa.

Na auna bakunan biyu, na zana su a takarda, kuma na gano yadda zan yi. Gwangwanin gahawa na fasa ta sama da ƙasa, na samo tsohon tiyub na keke, da waya, da salatif mai ƙarfi. Ranar Asabar zan gwada. Ban san irin mahaɗin da kike amfani da shi ba, amma ina tabbatar miki nawa zai fi shi.

Maganin ina sha. Da yamma zangon yana yin shiru da yawa. Ki zo mana.

Mijinki,
Orest

Ofishin Zangon Dabino, Yuma
Janairu, 1994

Zuwa ga Uwargida Verna Dubyk,

Gaisuwa da fatan alheri a sabuwar shekara. Ni ce Ofelia Quintana, mai zangon nan. A ka'ida wasiƙa irin wannan mai mota ake ba wa, kuma na ba shi tasa. Wannan taki ce, don shekara goma sha tara muna gaisawa, kuma ina ganin ya kamata ki ji daga bakin wanda ya gani.

Ranar Asabar kafin Kirsimeti maigidanki ya kawo motarsa ramin juyewa a lokacin da layi ya fi tsawo. Kin san halin mazan nan, kowa ya fito daga motarsa da kofi a hannu don ya ga yadda na gaba zai yi. Maigidanki bai ɓoye aikinsa ba. Ya tara su ya nuna musu wani abu da ya haɗa da gwangwani, ya yi bayani mai tsawo a kan ƙarfin salatif. Sannan ya ja mariƙin da ke buɗe tanki.

Zan taƙaita. Abin da ya fito bai bi hanyar da aka tsara masa ba. Gwangwanin an tsince shi a gindin dabino. Malam Delbert yana tsaye a gaba-gaba cikin silifa da farar safa, kuma matarsa ta hana shi shiga mota sai da aka wanke shi da mesar wanke tsakar zango a gaban jama'a. Maigidanki, maimakon ya mayar da mariƙin, sai ya rungumi mesar yana kokawa da ita. Wata tsohuwa daga Alberta ce ta tako a hankali ta tura mariƙin ta rufe, ta koma motarta. Na rufe ramin kwana biyu. Na shaida masa in aka kuma, zai bar mini zango.

Da ya zo ofis, bayan ya yi wanka, ya tambaye ni ko na taɓa ganin irin mahaɗin da kike sawa. Na ce masa ya tambaye ki. Mu matan zangon nan duk mun sani, tagar ofishina ma ramin take kallo, amma ba bakinmu ya kamata ya faɗa ba.

Abu ɗaya zan ƙara, ki yi haƙuri in na shiga abin da ba nawa ba. Kullum da yamma kujera biyu yake fitarwa ƙarƙashin rumfar motar. Kuma ya rame.

Taki cikin girmamawa,
Ofelia Quintana

Yorkton
Janairu, 1994

Orest,

Ina gaisuwa. Ofelia ta rubuto mini. Na karanta wa Olga, ta yi dariya har sai da haƙoran robarta suka faɗo cikin shayi. Ni ma na yi, ba zan ɓoye maka ba. Daga baya kuma na shiga ɗaki na yi kuka, kuma na ji haushin kaina da na yi.

Tunda ka kasa ganewa, bari in gaya maka. Babu mahaɗi. Ba a taɓa yin sa ba. Ni ce nake durƙusawa a kan tsakuwa, in sa safar hannu ta wanke-wanke, in cusa bakin mesa a kan bututun, in naɗe da tsumma, in damƙe da hannun dama iya ƙarfina, in ja mariƙin da hagu, in kau da kai in riƙe numfashi har tankin ya gama. Kowace Asabar, duk lokacin sanyin da muka yi a can, shekara goma sha tara. Bututun yana bayan motar ne ta ɓangarenka, taku kaɗan daga kujerar direba. Kai kuwa da ka ja birki sai ka zagaya ta gaba ka tafi wurin maza, ina jiyo muryarka kana koya musu yadda ake kula da mota.

Shekarar farko na gaya maka bakunan ba su dace ba. Ka ce, "Ki ɗan danna shi, zai zauna." Shekara ta biyu na sake faɗa, ka ce za ka duba a kanti in mun koma gida. Daga nan na yi shiru, na ce bari in ga ranar da zai zagayo ta baya da kansa ya ga abin da nake yi. Ina ta jira har yatsuna suka fara ƙin miƙewa da safe.

Duk wannan da na haɗiye. Amma ranar bikinmu na shekara arba'in, a zauren coci, gaban 'ya'yanmu da jikoki da Fada limamin cocin, aka ba ka lasifika ka yi magana a kan aurenmu. Ka gode mini a jimla ɗaya, ka haɗa ni da masu girki. Sannan ka shiga yabon Gimbiya. Ka ce shekara goma sha tara ba ta taɓa ba ka matsala ba, ko ɗigo ɗaya ba ta taɓa zubarwa ba, don kai mutum ne mai kula da kayansa. Aka tafa maka. Ina zaune kusa da kai, hannuna a ƙarƙashin tebur, ina murza shi don ya riƙe cokali.

Ka tambayi laifinka, ga shi nan. Ban yanke shawarar komai ba tukuna. Olga ta ce ɗakin nawa ne har iya rayuwa, kuma ba na jin yunwa a nan.

Verna

Zangon Dabino, Yuma
Fabrairu, 1994

Verna,

Ina gaisuwa. Na fara wasiƙar nan sau da yawa ina yagawa, don duk wadda na rubuta sai in ga ina kare kaina.

Na je kasuwar tsofaffin kaya ta ranar Lahadi da zanen bakunan a aljihu. Ban ma ciro shi ba. A tebur na biyu na hango mahaɗin a cikin kwandon tarkace, baƙi, ɗan guntu, kunne biyu ta nan, ƙugiya huɗu ta can. Na san shi, Verna. Ina da kwali guda nasa a kantina, a kanta ta sama bayan fitilu, ya yi shekaru yana shan ƙura ina ƙorafin babu mai saye. Da na rufe kantin kyauta na bayar da su.

Na saya. Na gwada shi a bushe, ya zauna daram. Sai na cire shi na sa a aljihun motar.

Asabar biyu ke nan ina juye tankin yadda kike yi. Safar hannunki na samu a ƙarƙashin wurin wanke-wanke, ta yi mini kaɗan amma ta shiga. Ofelia tana tsayawa a taga da wasiƙar kora a hannu, ba ta kai ga ba ni ba. Delbert yanzu daga nesa yake kallo, sanye da takalmin ruwa. Ya ce, "Orest, ka haukace ne? Ga abu a mota kana wahalar da kanka?" Na ce masa ya je ya tambayi matarsa wa ke wanke musu tanki. Sai ya juya ya nufi motarsa.

Ba ki gaya mini yana da nauyi haka ba, mesar tana fizga kamar za ta ƙwace. Ba ki kuma gaya mini yana da ɗumi ba. Tsakuwar nan ma wani mugu ne ya zaɓo ta. In na tashi sai na dafa mota.

Na san Asabar biyu ba komai ba ce a kan naki. Zan ci gaba da yi da hannu har ranar da kika ce in daina, ko kin zo ko ba ki zo ba. Na yi kewarki ƙwarai, kuma na ji kunya. Ki yafe mini.

Mijinki, in kin yarda,
Orest

Yorkton
Fabrairu, 1994

Orest,

Ina gaisuwa. Bas ɗina zai iso Yuma ranar Juma'a da yamma. Tikitin zuwa da dawowa na yanka, kada ka yi saurin murna.

Kada ka ɗaura mahaɗin tukuna. Ranar Asabar ina so in gani da idona.

Verna