Ni nake zare wa motar wuta, 'yata ta ɗauka mantuwa ce

Sigrun, ke da kike amsa wasiƙun masu karatu, ki taimaka mini da shawara kafin Lahadi, don ran nan 'yata Tordis za ta zo karɓar makullin motata.

Shekarata saba'in da uku. Shekara arba'in na yi ina raba wasiƙu da mota a Finnmark, yankinmu na can arewa mai dusar ƙanƙara, ba a taɓa ciro ni daga rami ba. Matata Gunvor tana gidan kula da tsofaffi, kilomita sittin daga nan. Ta manta kusan kowa, amma in ƙarfe ɗaya ta yi takan zauna bakin taga tana jirana, mu sha kofi.

Bara Tordis ta matsa mini na sayar da tsohuwar motata mai shan dizal na sayi mai lantarki. Da bazara lafiya lau. Da sanyi ya kai digiri talatin ƙasa da sifili, sai na lura in na jona ta a gareji da yamma takan kama gurnani, fanka na juyawa, wani ruwa na ƙugi a cikinta, caji kuwa ba ya gaba. Garejina na katako ne, a manne da gidan da mahaifina ya gina. Ni ba yaro ba ne, injin da ke ƙara alhali a kashe yake akwai abin da ke damunsa. Sai nake zare fulogin, in rufa mata fatar barewa a bonet saboda sanyi kamar yadda na saba, da safe in jona na awa biyu. Haka muke ɗumama mota tun ba a haifi masu ƙera wannan ba.

Ran Laraba ina hanyar zuwa wurin Gunvor caji ya kusa ƙare mini a kan tudu. Dole na juyo gida. Ma'aikaciyar jinya ta ce Gunvor ta zauna a tagar har aka kawo abincin yamma. Abin ya tsaya mini a rai, ba na ɓoye miki.

Tordis ta duba a wayarta ta ga motar tana kwana ba a jone ba. Ta yi kuka, wai na fara mantuwa irin ta uwarta. Ban gaya mata da gangan nake yi ba, don za ta yi mini dariya. Na tabbata motar ce ke da matsala. Yaya zan fahimtar da ita?

Tsohon mai raba wasiƙu

Ya kai dattijo,

Motarka ƙalau take, kai ma haka. Abin da kake ji batir ne yake ɗumama kansa. Batir mai sanyi ba ya karɓar caji yadda ya kamata, shi ya sa motar take fara jan wutar gida ta zagaya da ruwan ɗumi a jikinsa, sai ya yi ɗumi sannan caji ya soma hawa. Kai kuma daidai lokacin kake zarewa. Awa biyun safe kusan duk a ɗumamawa take ƙarewa, sai ka fita da ɗan abin da ya rage, sanyi ya cinye. Fatar barewar nan kuma ka mayar da ita kan kujera, batirin a ƙarƙashin ƙafarka yake, ba a bonet ba.

Tsoron gobara ba wauta ba ne, musamman a gidan katako. In soket ɗin bango na da kake amfani da shi, kira mai aikin lantarki ya duba, ya kafa maka na'urar caji ta musamman. In fulogi ya yi zafin da ba ka iya riƙewa, ko ka ji ƙauri, zare nan take. In babu wannan, bar ta a jone har safe, ka sa mata lokacin fitarka, za ka tarar ta ɗumama kanta da wutar gida.

Sauran magana ta Tordis ce. Kar ka ga laifinta. Ta ga yadda abin ya fara da mahaifiyarta, da ƙananan abubuwa irin wannan, yanzu tana kwana da fargabar ku biyun za ta rasa. Kai kana gudun dariya, ita tana can tana kuka. Kar ka jira Lahadi. Ɗauki waya yau ka gaya mata da hankalinka kake zare fulogin, taurin kai ne kawai. Ƙila ta yi maka faɗa, ƙila ta yi dariyar da kake tsoro. Bar ta ta yi. Ba na jin akwai labarin da zai fi yi mata daɗi a wannan hunturun.

Allah ya kiyaye hanya, ka gaishe mini da Gunvor.

Sigrun