Ƙorafi a kan hana Gwaggo Saude jingina da bangon mangaza

Zuwa ga Mai girma Kumandan,
Magariya.

Daga Laminu Maikano, Dungas, a madadin gwaggonsa Saude.

15 ga Maris, 1954

Game da: hana tsofaffi jingina da bangon mangazar gyaɗa

Ranka ya daɗe, bayan gaisuwa da ladabi, ga abin da ke tafe da mu.

1. Gwaggo Saude ta tsufa a kan kaɗi da ɓarar gyaɗa, har wuyanta ya zubo gaba. Ƙwarya ta daina zama a kanta, sai ta bar kai ƙuli-ƙulinta kasuwar Guci, wanda da shi take ci da kanta.

2. Ran 9 ga Janairu lokotoro, wato likita, ya zo zagaye. Bai ba ta ko ƙwaya ɗaya ba. Ya ce kullum da safe ta sami miƙaƙƙen bango, ta manna dugadugai da kafaɗu, ta ja haɓa baya har ƙeya ta taɓa.

3. Mai girma ya san gininmu: danga ce da zana, rumbu zagayayye, katanga kuwa mai tumbi. Ta gwada rumbu, ta gwada gindin kuka. Duk garin nan miƙaƙƙen bango ɗaya ne, na mangaza, wato siton gyaɗa na hukuma, mai shafen farar ƙasa.

4. Nan ta riƙa zuwa, har tsofaffi 'yan uwanta, Ƙande da Tsoho Dikko, suka bi ta. Su jeru su uku, suna gardamar ƙeyar wa za ta riga isa, su koma gida bayansu fari fat, gari na dariya, su ma suna yi. Ran 20 ga Fabrairu ƙeyar Gwaggo ta taɓa. Ran nan ta kai ƙwarya har bakin rijiya ba ta tallafe ba, Ƙande na biye da guɗa.

5. Ran 3 ga Maris gardin mangaza ya kore su, wai suna kwashe farar ƙasar hukuma a bayansu alhali rangadi ya kusa. Ba mu musa ba, sun kwasa. Amma tun ranar wuyan ya soma komawa, jiya kuwa ƙwaryar ta faɗi. Ta tsince ƙulin ta shige ɗaki.

Don haka muna roƙon Mai girma ya ba da izini a bar musu kusurwar gabas, da hantsi kawai. Farar ƙasa mu za mu nemo, ni zan shafa duk Juma'a.

Gwaggo ta matsa in ƙara wannan, na ƙara bisa neman gafara: ta ce a rangadin bara ta lura wuyan tafintan Mai girma ma ya fara leƙe, bangon kuwa zai ɗauki mutum huɗu.

Da matuƙar biyayya,
Laminu Maikano

Alamar yatsan Saude