Amsar da Ban Jira Ba

Ammariyya, Jidda
Talata

Zuwa ga ƙanwata Zubaidatu,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kina lafiya, ke da jikoki. Ni dai yau ƙafafun sun kumbura, numfashi ma sai na zauna nake samunsa. Alhamdu lillahi.

Ɗanki Zaharadden ya kira ni daga Makka. Ya ce jibi zai biyo ta wurina kafin ya hau jirgin komawa gida, yana son tarihin igiyar kuza, tunda 'yan gwangwan masu neman tsohon ƙarfe sun fara yanke turakunta. Tun da ya faɗa ban iya cin abinci ba.

Abin da yake nema mai sauƙi ne. Turke goma sha tara daga kan dutse zuwa ƙasa, gugunan ƙarfe na saukowa cike da kuza, suna komawa wayam. Kin tuna lokacin da garinmu Gindin Igiya bukka bakwai ne da mai tuwo ɗaya. Igiyar ta kawo kasuwa da makaranta, da ta tsaya kuma kowa ya watse.

Amma zai tambaye ni rasuwar mahaifinsa. Ki yi mini addu'a.

Yayanki,
Muntaka

Ammariyya, Jidda
Alhamis

Zubaidatu 'yar'uwata,

Ina gaishe ki, ina tambayar lafiyarki. Tun hantsi nake zaune a bakin ƙofa, kowace tasi ta tsaya sai in leƙa. Bari in rubuta, kada bakina ya ƙi ni in Zaharadden ya shigo.

Ka'idar aikinmu ita ce, kafin mai birki ya saki igiya, zai buga ta da guduma sau uku, ya ɗora tafin hannu a kanta, ya jira. Masu shafa giris da ke kan turaku za su ji a jikin ƙarfe, su janye, su bugo amsa. In babu amsa, ba a saki.

Ranar nan ni ne a birki. Hadari ya taso, gugunan sun taru. Na buga sau uku, ban ɗora hannu ba, na saki. Mijinki Rilwanu yana kan turke na sha ɗaya.

Aka ce santsi ne ya kwashe shi, na yi shiru. Ni na yi masa wanka, ni na riƙe ki a ƙofar gida. Da na taho Hajji ban koma ba, ba aikin kafili, ubangidana na nan, ne ya riƙe ni ba, kamar yadda nake gaya miki. Idonki na kasa kallo, shekara arba'in da shida ke nan.

Ki yafe ko kada ki yafe, haƙƙinki ne. Wannan karon zan jira amsa.

Yayanki mai neman gafara,
Muntaka

An kira la'asar. Maƙwabciyata Dalal ta kira lambar Zaharadden, a kashe take, ta bincika ta ce jirginsu ya tashi tun azahar. Shi na yi niyyar ba wannan takarda ya kai miki. Zaharadden bai zo ba.