Fuskarka a Bakin Benci

Zuwa ga Mai Sunan Malam,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, kai da mahaifiyarka, da sanyin ƙasarku ta Suwidin. Mu nan Ƙofar Jatau lafiya lau, sai abin da ba a rasa ba.

Na ji saƙon da ka aiko ta wayar gwaggonka Hajara. Ka ce golan ƙungiyarku na ɗaya ya ji rauni a gwiwa, wataƙila koci ya sa ka ranar Asabar, don haka Baba ya yi maka addu'a. Yau kwana uku ina ɗaga hannu ina saukewa. Bari in gaya maka dalili. Hausarka ba ta wuce gaisuwa ba, kafin ka sami mai karanta maka na gama jin kunyata.

Kana shekara huɗu takarduna na zama a can suka ƙare aka sako ni a jirgi. Sau uku ina zuwa Abuja neman biza, sau uku ana turo mini fasfona ta taga, ko kallona ba a yi. Na haƙura. Yanzu iyakata zaure da masallaci, sai kasuwa ranar da ƙafa ta yarda.

Da aka ce ka zama ɗan wasan hoki na kan ƙanƙara, kuma mai tsaron gida, na yi murna, na ce to ga hanyar ganin ɗana ta samu. Ashe ban san komai ba. Na buɗe waya na ga wani ƙato an naɗe shi da katifu tun daga ƙafa har wuya, kansa cikin kwalkwali mai ragar ƙarfe, yana durƙushe gaban wata 'yar raga da ba ta wuce akurkin kaji ba. Hajara ta ce wai kai ne. Shekara shida ina kallon lambar bayanka. Ana harbo maka wannan baƙin faifan roba, kana tarewa da ƙirji, fuska kuwa ko hanci ban gani ba.

Za ka ce ai kana kira ta bidiyo. Kana kira. Amma kai ɗan fari ne, ga sunan mahaifina a kanka. A gidan nan ba a taɓa ganin uba ya zuba wa ɗan farinsa ido ba, ni kaina Malam bai taɓa kiran sunana ba har ya rasu. Shi ya sa in ka kira nake amsa sallama ina kallon tabarma, in miƙa wa Hajara wayar ku yi Turancinku. Ka taɓa tambayarta ko fushi nake da kai. Wallahi ba fushi ba ne. Wuyan ne ba ya ɗaguwa.

Sai bara aka kawo sabon gola, aka mayar da kai benci. Ka gaya wa Hajara ranka ya ɓaci, aikinka ya koma buɗe wa 'yan wasa ƙofa su shiga su fita, kamar maigadi. Ni kuwa ranar na fara ganinka, don wanda ke benci ba ya sa kwalkwali, 'yar hula ce a kansa. Bayan Magariba sai in zauna a zaure in jira mai kyamara ya bi ta kanku. Daƙiƙa biyu, wani lokaci uku. A nan na ga goshin Malam, na ga kana cije leɓe in an ci ku, na ga har ka fara sanƙo, wanda kuma gadonmu ne, kada ka zargi kowa. Ba ka ganina, babu wanda zan ji kunyarsa.

To ka ji. Shekara guda kana cikin baƙin ciki, ubanka yana jin daɗi. Akwai ranar da na ce Allah ya ƙara wa wancan golan lafiya, kuma na san abin da nake nufi. Ka yafe mini, ɗana.

Shekarunka talatin da ɗaya. Hajara ta ce a sana'arku wanda ya daɗe a benci ba a sake nemansa. Zaman wuri ɗaya ni na san shi, ba zan so maka ba.

Don haka na yi addu'ar yau da Azahar, da ƙyar, amma na yi. Allah ya sa koci ya kira ka ranar Asabar. Allah ya tsare maka haƙora da gwiwoyi, kada ka sake komawa bakin ƙofar nan. Amin. Ka sa kwalkwalinka, ka ɗaure da kyau. Abin da na gani zai ishe ni.

Naka,
Babanka, daga Ƙofar Jatau