Tantabarun da Na Cire Daga Gwanjo

Kaura Namoda, Laraba.

Maman Zulaihat,

Sallama da fatan alheri. Ya jikin Inna? Allah ya ƙara sauƙi. Wayarki ba ta shiga a Zurmi, shi ya sa na ba Muhtari direba wagga takarda.

Gida ya yi mini girma. In na dawo kasuwa, daga ni sai tantabaru, sai zauren masu kiwonsu da muke da shi a WhatsApp. Tun da hanyar Moriki ta lalace, can muke gwanjo: ka sa hoto, kowa ya yi tayi, a rufe ran Juma'a bayan la'asar, wanda ya fi ya ɗauka. Can ne kuma hirata, can ne dariyata.

Na sa fararen nan biyu masu gashi a ƙafa. Maccido na Galadi, abokina tun muna tallan goro, shi ke kan gaba, kullum da saƙon murya yana ce mini in fara yi musu bankwana. Sai jiya wani Alhaji Sirajo na Shinkafi ya biyo ni ta bayan fage, ya zarce tayin kowa, amma da sharaɗin yau zai ɗauka. Kin san mijinki. A kasuwa, in ban ce na sallama ba, kaya nawa ne, kuma ban ga malamin da ya ce waya ta canza wannan ba. Na sallama masa, na goge hoton, na rubuta a zaure cewa mura ta kama su. Maccido har magani ya kwatanta mini.

Ki gaida Inna da Zulaihat.

Mijinki,
Kamalu.

Kaura Namoda, Litinin.

Maman Zulaihat,

Ina fata kuna lafiya, kuma Inna ta fara cin abinci.

Alhajin nan bai iya sayen ɓoye ba. Ran Alhamis ya ɗora su a shafinsa, lafiya lau, suna ta kukansu. Tsoho, shugaban zaure, ya ce wanda ya buɗe gwanjo ya riga ya ɗauki alkawari da duk wanda ya yi tayi. Ina cikin rubuta masa amsa, amsa mai kyau kuwa, sai na ga an fitar da ni.

Wannan bai dame ni kamar saƙon Maccido ba. Ashe ya riga ya shirya da mai mashin zai taho ran Asabar, ya kwana nan gidanmu, har matarsa ta soya mana gyaɗa. Ya ce, “Kamalu, tantabaru ina da su. Dalilin fitowa nake nema, don iyalina ba su bari in hau hanyar nan a kan zumunci kawai.” Na kira, ba ya ɗauka.

Yau da hantsi na ji fiffika a kan soro. Su ne, su biyun. Alhaji bai san ana ɗaure musu fiffike ba har su saba da sabon gida. Gobe zan ba Muhtari ya mayar masa, don na sallama, kuma ni ba ɓarawo ba ne.

Na zuba musu gero, na zauna ina kallonsu. Hasken ya yi kyau, hannuna ya saba, na ɗauki hotonsu. Sai na tsaya da waya a hannu, na rasa wa zan tura wa.

In Inna ta ji sauƙi, ki dawo.

Mijinki,
Kamalu.