Yadda Na Kashe Baba Tela

Yayata abar ƙaunata,

Assalamu alaikum. Da fatan kina lafiya, ke da maigidan da yara. Yaya ƙafar taki? Kada ki ce min ta warke alhali kina ɗingishi, na san halinki sarai.

Kin ce ba na ba ki labarin aiki, to yau sai kin gaji. Kamfaninmu na shirye-shiryen talabijin zai yi bikin cika shekara talatin, an sa ni tono tsofaffin kaset don a haɗa shirin tarihi. Na ga garejin da marigayi mai kamfani ya fara aiki a ciki da kyamara ɗaya, na ga shirin yara da shirin girke-girke, har da tallan sabulun nan da muke rera waƙarsa muna wanki. Sannan na ga kashi na farko na Shagon Kwana, wasan da ke sa Inna ta bar tuwo ya ƙone. Ga Baba Tela nan, gashi baƙi wuluk, yana taka keken ɗinki. Ashe tela ne na gaske, kayan 'yan wasa ya kawo, wanda zai hau matakin tela bai zo ba, aka ce ya zauna. Tun daga ranar bai tashi ba.

Yanzu kuwa, Yaya, mantuwa ta kama shi. Layi biyu sai mu kai azahar a kansu. Mukan rubuta masa a kwali mu ɗaga a bayan kyamara, ya karanta rabi ya tsaya yana mana murmushi. Ɗan marigayi, wanda shi ne shugabanmu yanzu, ya kira ni ofis ya ce Baba Tela zai mutu a ƙarshen wannan zangon, kuma ni zan rubuta mutuwar. Ya ce ba sai ya sani ba. Kin ga a nan ba a ba kowa labari cikakke. Kowane ɗan wasa takardarsa kaɗai ake miƙa masa, a ɗauki ƙarshe kafin farko, don kada labari ya fita kafin a nuna. Al'adar marigayi ce, muna alfahari da ita.

Na buɗe baki zan yi musu, sai na ji kaina ina cewa to. Baba Telan nan shi ya ɗauki labarina na farko ya kai wa marigayi, ya tsaya a kansa har sai da ya karanta. Kunyar kaina nake ji.

Ki gaishe min da yara, ki ja kunnen ƙaramin a madadina.

Ƙanwarki,
Auta

*

Yaya,

Gaisuwa mai yawa. Na ji daɗi da kika je asibiti, ko da yake na san maigidan ne ya tasa ki gaba.

Na ga faɗanki, kuma gaskiyarki ce, ya kamata in gaya wa Baba Tela. Amma kafin takardarki ta iso mun riga mun ɗauka. Da ya ga gado a wurin ɗauka ya tambaye ni me ya sami telan, na ce zazzaɓi ne, mako mai zuwa zai tashi. Ya yi dariya ya ce yau kam aiki ya zo masa a kwance. Layinsa ɗaya ne, ya ce wa 'yarsa ta cikin wasan ta rufe masa keke kada ƙura ta shiga. Yaya, sau ɗaya ya faɗe shi, babu kwali babu tuni. Kowa ya tafa, Dogo mai kyamara ya juya baya yana gyara abin da bai lalace ba. Baba ya yi ta murna kamar yaro ya ci jarrabawa.

Zaman makokin kuma ranar da ba a kira shi ba muka ɗauka. Ba a nemi maganin sa hawaye ba ranar.

Na je gidansa da niyyar faɗa masa. Matarsa ta shimfiɗa min tabarma, shi kuma ya hana ni magana, yana ta ba ni labarin yadda ya gayyaci maƙwabta su zo kallo, wai 'yarsa marubuciya, wato ni, ta ba shi kashi guda sukutum. Ni ce na faɗa masa haka, don ya saki jiki ranar ɗauka. Na sha ruwa, na yaba labulen da ya ɗinka, na taso. Tsoro ne kawai, ba ni da wani suna da zan ba shi.

Saura 'yan kwanaki a nuna. Zan koma, na yi miki alkawari.

Taki,
Auta

*

Yayata,

Ina gaisuwa, ina kuma fatan kowa lafiya. Na san kin kalla, shi ya sa na ƙi ɗaga wayarki. Ki yafe min.

Ban koma ba. Kullum sai in ce gobe, har aka nuna. Washegari matarsa ta kira ni. Ta ce falon cike yake da mutane, ana ta tsokanarsa, har aka kai inda 'yar ta rufe keken ta fashe da kuka. Ta ce ya kalli makokinsa har ƙarshe, sannan ya raka baƙi bakin ƙofa, ya shiga ɗaki ya ƙi cin abinci. Ba ta zage ni ba, da ma ta zage ni. Cewa kawai ta yi ai da na faɗa mata, da ta san yadda za ta lallaba shi.

Na zaci shi ke nan, ba zai ƙara kallon fuskata ba. Sai ga shi ranar ɗauka da sassafe, tef ɗin awo a wuya, yana gaisawa da kowa. Ya zauna a kujerarsa ya miƙo min hannu in ba shi takardarsa. Ya manta, Yaya. Duk ya manta.

An riga an kwance shagonsa na cikin wasan, an kai katakan sito. Shugaba ya shige ofis ya rufe ƙofa. Ni da Dogo muka jawo keken muka jingina da bango, na rubuta masa layi uku da hannu. Dogo ya saita kyamara, babu abin da take ɗauka, ya ce a fara. Baba ya taka keke ya yi wasansa, muka tafa masa. Da ya gama ya ce min na cika alkawari, na ce zai tashi ga shi ya tashi, ya sa min albarka har sai da na sunkuyar da kai.

Ya kai bakin ƙofa sai ya juyo. Ya ce wani abu ya hana shi ganin kashin makon jiya, bai san mene ne ba, amma ya ji gobe ake maimaitawa. Ya ce in zo mu kalla tare, yana so ya ga yadda ya fito, kuma zai sake aika wa maƙwabta.

Na ce masa zan zo. Ki sa ni a addu'a, Allah ya buɗe min baki kafin a kunna talabijin.

Ƙanwarki,
Auta